Ban Ce Mata Na Gama Ba

Jama'a, yau babu doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Ke kuma da kike ta rubuto min wai "ki yi haƙuri, Boaz kunya ce ke damunsa," ki gyara zama. Ba kunya ba ce. Da kunya ce da na gode wa Allah.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Miriyam. Asalinmu Fadan Kagoma ne, amma a Kafanchan na tashi, a gidan da marigayi Babana ya bar mana. Mu uku ne a ciki: ni, da Mama, da Anti Selina ƙanwar Babana. Aikin kwamfuta nake yi wa wani ƙaramin kamfani a Abuja, daga ɗakina. Boaz kuwa shi ne wanda nake so, malamin makaranta a Fadan Kaje, yana da gonar citta, irin mutanen nan da in ka taka masa ƙafa shi zai fara ce maka sannu.

Dole in yi muku bayanin aikina, don shi ya jawo min wannan ciwon kai. Ku daure, babu lissafi a ciki.

Kamfaninmu yana da manya-manyan kwamfutoci. Maimakon a ba mutum ɗaya guda sukutum, sai a raba ta, kowane kwastoma a ba shi tasa ta ƙarya, wadda take ganin ita kaɗai ce a duniya. Waɗannan na ƙaryar su muke kira baƙi. Manhajar da ke ƙarƙashinsu tana raba musu komai sunanta hypervisor, ni dai mai masauki nake ce mata. To, kowace kwamfuta in tana aiki, dole wani lokaci a katse ta. Saƙo ya shigo daga intanet, sai na'ura ta ƙwanƙwasa mata: tsaya, ga abu ya zo. Wannan ƙwanƙwasar ita ce interrupt. Amma baƙo ba shi da ƙofar kansa ta gaske, duk ƙwanƙwasar mai masauki ce take ji. Ita za ta duba ta ga na wane ne, ta ajiye masa. In baƙon ya toshe kunne don yana tsakiyar abin da ba a katsewa, sai ta jira ya buɗe, sannan ta miƙa masa. Tana miƙawa sai ta sa alama cewa yana kan wannan saƙon. Daga nan ba za ta ƙara miƙa masa wani irinsa ba, ko wanda bai kai shi muhimmanci ba, sai baƙon ya dawo da kansa ya ce mata, na gama.

Ku riƙe wannan "na gama" ɗin da kyau.

Gidanmu kuwa babu wanda ya yarda mutum zai iya zama a ɗaki yana aiki. Mai kawo ruwa, ni. Mai gyaran fanka, ni. Matan zumunta in sun zo, sai kowace ta leƙo ta tambaye ni yaushe za a sha biki. Ranar da haƙurina ya ƙare, ina tsakiyar mitin da ogana, kamara a kunne, Mama ta turo ƙofa da zakara a hannu, wai in duba mata ko ya kai a kai wa fasto. Zakaran ya buɗe baki ya yi cara a fuskar oga. Oga ya ce, "Miriyam, za mu jira ki sallami baƙonki." Na ji kamar in nutse.

Da yamma na zaunar da Anti Selina. Ita ta yi shekaru tana aikin waya a ofishin reluwe na nan Kafanchan, zamanin da jirgi ke da daraja, ita ce ke haɗa wannan tasha da waccan. Har yau in ta ɗaga waya sai ta gyara zama kamar mai gidan gwamnati na kallon ta. Na nuna mata wani jan ɗankwali nawa, wanda na daina ɗaurawa tun da ya koɗe.

"Anti, in kin ga wannan a hannun ƙofata, ba mai shiga. Duk mai magana ke zai faɗa wa. In na cire shi, ki kawo min ɗaya bayan ɗaya. Kuma in mutum ya aiko, kada ki kawo min na biyu daga wurinsa sai na ce miki na gama da na farko."

Ta sauke tabarau kan hanci ta dube ni. Anti ba ruwanta da mace da namiji in tana Hausa, kowa "ka" ne a wurinta.

"Ai wannan aikinmu ne na reluwe," in ji ta. "Ba a sake jirgi na biyu sai tasha na gaba ya ce na farko ya iso. Wane ne ya koya maka?"

"Kwamfuta, Anti."

"To kwamfuta yana da hankali."

Tsari ya zauna daram, har na fara yi wa kaina kirari. Matsala ɗaya, Anti ta fiye tuni. Tela ya aiko yana tambayar irin hannun da nake so a rigata, ban amsa ba, sai ta bi ni da shi safe da rana. "Miriyam, tela fa?" Ina cin gwate, tela fa. Ina wanke kai, tela fa. Wata rana ta faɗa a gaban matan zumunta, ni kuma kaina ya riga ya ɗauki zafi da aiki, na ɗaga murya.

"Anti, don Allah kada ki ƙara tuna min da komai! In na gama, ni zan zo da ƙafata in faɗa miki!"

Anti ta ce, "To." Ba ta ƙara ko harafi ba, ni kuma na koma ɗaki ina ganin na yi maganin abin.

Mutum ɗaya ce ɗankwalin bai taɓa tsayarwa ba. A kwamfuta akwai wata irin ƙwanƙwasa da ba a iya toshe wa kunne, an tanade ta don babban bala'i, kamar in na'ura na shirin lalacewa. A gidanmu Mama ce wannan. Sai dai ita babban bala'inta shi ne ba ta ga rimot ba.

Ana haka maganar Boaz ta yi ƙarfi, har ta kai kunnen Baba Zamani, wan Babana, wanda shi ne uba a gare ni yanzu. Ya zo daga Fadan Kagoma da sandarsa ya kafa doka. Ya ce maganar aure ba a yin ta a waya kamar odar shawarma. Yaro ya aiko ta bakin antin yarinya, yarinya ta mayar ta bakin antinta, in an tsayar da rana manya su zauna. Ni na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ake cewa to a wuce. Boaz kuwa ya karɓe ta kamar daga Littafi Mai Tsarki aka karanto masa.

Wata Laraba na cire ɗankwali don in sha ruwa, Anti ta taso. Tana sanye da atamfar zumunta, don ranar taronsu ce ita da Mama.

"Boaz ya zo," in ji ta. "Ya ce in tambaye ka, mutanensa su zo kafin a tone citta, ko bayan an tone?"

Wayyo zuciyata! Ban kai ga buɗe baki ba aka ɗauke wuta, infata ta fara kuka, batirin kwamfutata saura kiris, ga aiki a buɗe da in ya yanke sai oga ya yanke ni. Na suri kwamfuta na ce, "Anti, ina zuwa!" Na fita da silifas wari daban-daban, na tare mashin don ya kai ni shagon ƙawata mai sola. Sai da na hau na tuna ban amsa ba. Na juyo na ƙwala murya.

"Ki ce masa kafin! Kafin a tone!"

Na hango atamfar zumunta a bakin get, an ɗaga min hannu. Na tafi ina murmushi ni kaɗai, har mai mashin yana leƙo ni ta madubi.

Daga nan sai shiru.

Sati ya wuce, wani ya bi shi. Boaz bai zo ba, bai aiko ba. A waya kuwa ga irin abin da nake samu:

"Ina kwana Mimi. Ya aiki?"

"Lafiya. Ya citta?"

"Tana nan, ta kusa."

"Ta kusa ko?"

"E. Ki ci abinci."

Ki ci abinci! Mutum ya tambaye ni ranar da mutanensa za su zo, na ce masa su zo da wuri, da bakina, a kan titi, ina ihu kamar mai tallan gyaɗa, shi kuma abin da ya ga ya dace ya ce min shi ne in ci abinci. Na rantse ba zan tambaye shi ba. Mace ta riga ta ce kafin, kuma sai ta bi mutum tana roƙo? Saƙonninsa suka dinga gajarta. Daga "Ina kwana Mimi" aka koma "Ina kwana," daga nan "Barka da Lahadi," daga nan sai ɗan yatsan nan da ake ɗagawa. Ni ma na dinga mayar masa da ɗan yatsa. Na rame, siket ɗina har juyawa yake a ƙuguna. Don in huce haushi sai na ƙara nutsewa cikin aiki, ɗankwalin ya koma kwana a ƙofa.

Mama kuwa ta samu abin da take so. Dama tana da nata ɗan takarar, Yafet, mutumin Kagarko mai bas-bas a hanyar Abuja. Shi bai san wata Anti Selina ba, ta Mama yake shigowa, da turarensa da ke riga shi sallama. Ran Lahadi ya ɗauke ta a mota ya kai ta coci, ta sauko a gaban matan zumunta tana gyara gwaggwaro a hankali don kowa ya gani. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma ranar farko da muka zauna ya dubi kwamfutata ya ce, "In mun yi aure ai ba sai kin wahala da wannan danne-dannen ba." Tun daga ranar nake jin ƙamshin turarensa kamar maganin sauro.

Ran Litinin ɗin nan da ta wuce Mama ta turo ƙofa, ɗankwali na lilo a hannun ƙofar.

"Wancan tican naki har yanzu shiru? An fara tone citta a Fadan Kagoma fa. Jiya na gani a kasuwa, buhu-buhu."

"Mama, ina aiki."

"Aiki zai aure ki? Yafet ya ce ankul ɗinsa suna redi. Mutum yana so da gaske, ke kina jiran wanda ya manta hanyar gidanku."

Maganar ta soke ni, don abin da nake faɗa wa kaina ke nan kullum. Hawaye ya cika min ido, haushi ya rufe ni.

"To su zo! In Juma'ar nan ta wuce Boaz bai ce komai ba, su zo ran Asabar!"

Ban rufe baki ba Mama ta riga ta kira Baba Zamani. A wurinmu kuwa in mutanen saurayi suka zo, yarinya ta fito ta durƙusa ta karɓi abin da suka kawo, an gama magana. Mayar da shi abin kunya ne da za a dinga ba jikoki labari. Juma'a ta zo ta wuce. Boaz ko ɗan yatsan bai turo ba.

Asabar da safe gidan ya kaure da ƙamshin jalof da soyayyen nama. Mama ta rataye min leshi ruwan zuma a jikin ƙofa, da takalmi mai tsini da ban taɓa gani ba. Ina zaune a bakin gado ina kallon leshin kamar kayan wani, sai wayata ta yi ƙara. Jason ne, abokin aikina a Abuja.

"Miriyam, abeg no vex, na san Asabar ce. Wani baƙo ya kurmance. E dey run, agogonsa na tafiya daidai, amma network shiru. Kwastoma wan chop me."

Ban taɓa murna da matsalar aiki irin ta ranar ba. Na ɗaura ɗankwali a ƙofa, na buɗe kwamfuta, na shiga cikin mai masauki ina dubawa. Baƙon lafiyarsa ƙalau, bai toshe kunne ba, zaune yake yana jiran saƙo. A ɓangaren mai masauki kuma ga ƙwanƙwasa a ajiye tana jira, saƙonni sun taru a bayanta, amma ta ƙi miƙawa. Na duba dalili, sai ga alamar nan a kunne, wai baƙon yana kan wani tsohon saƙo.

"Jason, an taɓa wannan baƙon kwanan nan?"

"Jiya mun matsar da shi zuwa sabuwar saba, wata babbar kwamfuta daban. Yana kan aiki muka matsar, as usual."

"Shi ke nan. An miƙa masa saƙo a tsohon gida, ya karɓa, ya yi aikinsa. Daidai lokacin da yake cewa na gama kuka ɗauke shi. Maganar ta faɗi a hanya. Sabuwar mai masauki ta gaji alamar, amma ba ta ji amsar ba."

"To agogo fa? How come agogo dey enter?"

"Agogo ya fi network matsayi, shi yana wucewa. Shi ya sa daga waje kake ganin komai lafiya."

Na goge alamar da hannu. Nan take saƙonnin suka kwararo, baƙon ya farfaɗo. Jason ya yi ihun murna har sai da na janye wayar daga kunnena.

"Kai! So tun jiya shi yana jiran su, su suna jiran shi, gaisuwar agogo kawai ke wucewa? Nobody talk?"

Na yi dariya. Ina cikin dariyar hannuna ya tsaya a kan kwamfuta. Gaisuwa kawai ke wucewa.

"Jason, zan kira ka."

Na sami Anti Selina a bayan gida tana wanke acca a ƙwarya. Ba ta sa kayan baƙi ba, tsohon zaninta ne a jikinta, kuma tun safe ba ta taɓa tukunyar Mama ba.

"Anti, ranar da aka ɗauke wuta, me kika faɗa wa Boaz?"

"Ban faɗa masa komai ba. Ka ce kana zuwa."

"Na ce kafin! Daga kan mashin na faɗa, kin ɗaga min hannu!"

"Ni? Kana fita na shiga kicin."

"To wa ya ɗaga min hannu?"

Anti ta juya kai kawai wajen kicin, inda Mama ke rera waƙar zumunta tana juya jalof. Atamfa iri ɗaya suka sa ranar.

"Anti, ya sake zuwa?"

"Ba zan iya faɗa ba. Na farko yana kan layi."

"Anti Selina!"

"Dokarka ne, ba nawa ba."

Jama'a, kun taɓa jin kuna son ku ciji mutum kuma ku durƙusa masa a lokaci guda?

"Na gama. Na gama da na farko. Amsar ita ce kafin a tone."

Ta ajiye ƙwaryar, ta goge hannu a zani, ta gyara zama irin na ofishin reluwe.

"Na biyu. Ya zo, ya ga ɗankwali. Ya ce ko ka samu saƙo? Ya ce kar a dame ka, ya san aikinka yana da wuya. Ka gama?"

"Na gama, Anti, ci gaba!"

"Na uku. Ya kawo citta na fari daga gonansa, ƙaramin buhu, ya ce naka ne. Yana ƙarƙashin gadona. Ya ce ankul ɗinsa sun shirya, kowane Asabar ka zaɓa. Ka gama?"

Ashe ƙamshin da nake ji in na wuce ɗakinta ke nan, ina cewa maganin sanyinta ne.

"Na gama."

"Na huɗu. Ya ce in tambaye ka ko ya yi maka laifi. Ranar ya daɗe a tsaye yana kallon ɗankwali. Na ba shi kujera, ya ƙi. Na ce, Boaz, kira shi a waya mana. Ya ce Baba Zamani ya hana."

Kun ji fa! Mutum yana tsaye, katako ɗaya ne tsakanina da shi, ina ciki ina zaginsa a zuci, shi yana waje yana girmama tsumma. Wace irin biyayya ce wannan? Wa ya aike shi?

"Ka gama?"

"Anti, kina kallo ina ramewa a gidan nan, ba ki ce min uffan ba?"

Sai a lokacin na ga idonta ya yi ja. Ta kawar da kai.

"A gaban mata zumunta ka ce kar in ƙara tuna maka. Ni ma ina da zuciya, Miriyam. Na zo ƙofanka ya fi a ƙirga, ɗankwali yana nan. In ka fito kuma fuska a ɗaure, ka wuce ni. Na ce wataƙila ka canja ra'ayi, kana jin nauyin faɗa. Ka gama da na huɗu, ko in jira?"

"Na gama," na ce, da ƙyar.

"Na ƙarshe. Shekaranjiya ne. Mamanka ya tare shi a get, ya faɗa masa mutanen Yafet suna zuwa Asabar, kai ka yarda da bakinka. Ya zo wurina. Ya ce in gaskiya ne, ba sai ka amsa ba, shirun ya ishe shi. Ya ce Allah ya sa albarka, ba zai ƙara damunka ba."

Ba ta tambaye ni ko na gama ba. Na nufi kicin.

Mama tana ganina ta san na sani. Ba ta ko ajiye ludayin ba.

"Mama, kin ji abin da na ce ranar a kan mashin."

"Na ji."

"Kika ɗaga min hannu!"

"Na ɗaga don ki yi hankali da mashin. Ni aka aiko? Ke kika ce magana ta bi ta Selina. Ni ban shiga wannan sistem naku ba."

"Mama, kin san shi nake so."

Ta rufe tukunya ta juyo. Muryarta ta sauka, abin da ba ta saba ba.

"Babanki da ya zo nemana, an kulle masa get, ta katanga ya shigo. Ni ina so in ga an nemi 'yata da ƙarfi. Wanda ɗankwali ya tsayar, gobe in wahala ta zo me zai yi? Je ki sa leshinki, sun wuce Kwoi tun ɗazu."

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Dokar Baba Zamani ta ci kanta, na danna lambar Boaz. Ta yi ta ringin, har na fid da rai, sai aka ɗaga. Muryar mace.

"Halo, Anti Miriyam? Catherine ce."

Ƙanwarsa ce, ma'aikaciyar jinya, mun saba sosai. Amma yau muryarta a bushe take.

"Catherine, ba ni Boaz, don Allah."

"Yana gona, yau suke tone citta. Ya bar min wayar."

"To kai masa, magana ce ta gaggawa."



"Anti, ya ce duk saƙon da ya fito daga wurinki in riƙe, kada in kawo masa sai ya gama tonon gonar duka. Ya ce ba ya son a katse shi. Ya ce ke za ki gane."

Na gane. Na gane har cikin ƙashina. Ni na zaunar da shi wata rana a ƙarƙashin mangwaron gidanmu ina yi masa bayanin mai masauki da baƙi, yana gyaɗa kai yana cewa tsarin ya burge shi. Duk duniya a rasa abin da mutumin nan zai koya a wurina sai wannan.

"Catherine, gonar nan kwana nawa za ta ɗauka?"

"Babba ce fa, Anti. Ki faɗi saƙon, zan ajiye."

Ban kai ga amsawa ba na ji hon a bakin get, irin na manyan bas. Sai muryar Baba Zamani yana maraba, sai guɗar Mama. Na dubi leshin, na dubi wayar. Na kashe, na zura doguwar rigata ta atamfa da takalmin da nake zuwa kasuwa da shi, na buɗe ƙofa a hankali.

Anti Selina tana tsaye a wurin, ƙaramin buhun citta a hannunta. Ta miƙo min. Na kai hannu zan kwance jan ɗankwalin, ta riƙe min hannu.

"Bar shi a wurin."

Ta jawo kujerarta ta roba ta dasa a bakin ƙofar ɗakina, ta zauna, ta gyara tabarau.

"In sun ce ka fito, zan ce kana aiki, su ba ni saƙo."

"Anti, Mama fa? Kin san ɗankwali ba ya tsayar da ita."

"Ɗankwali ne ba ya tsayar da shi. Yau ni ne a wurin." Ta dube ni sama da ƙasa. "Sai ka dawo ka ce ka gama. Kuma wannan karon ka faɗa a kunnena."

Na bi ta ƙofar baya, ta wajen kejin kaji, na ɓulla layin bayan gida da buhun citta a ƙirji. Ina jin Mama daga cikin gida tana kiran sunana da muryar baƙi, mai zaƙi. Wani mai mashin ya tsaya.

"Ina za mu, sista?"

"Fadan Kaje. Ba cikin gari ba, gona."

"Da nisa fa. Mai gonar ya san da zuwanki?"

"Bai sani ba. Ya ma ce kada a katse shi."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi buhun.

"To in mun je ya ƙi saurara fa?"

Na gyara zama a bayan mashin, na ƙanƙame cittata. Boaz ya toshe kunne, ya sa mai tsaron ƙofa, ya yi komai bisa tsari. Abin da ya manta shi ne ni 'yar Mama ce, kuma tun da aka haife ni ban taɓa ganin matar nan ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.

"Ja mu je," na ce.